Auduga Lamba Uku

Nafi'u, innarka ta ce tun da ka karɓo sakamakon jami'a ka tarar digirin mai daraja ta uku ne, ba ta biyun da ka sa rai ba, ka cusa takardar ƙarƙashin katifa, ka ce kai ba ka neman aiki don kada a yi maka dariya. Sati uku ke nan ko majalisar abokanka ba ka leƙa ba, sai kwanciya kamar mai jego. To gyara zama, kawunka ya ba ka misali.

A zamanin da ake kai auduga kasuwar awo, an yi wasu manoma biyu da gonakinsu ke kan iyaka ɗaya. Wata shekara suka yi noma har noma, auduga ta fashe fari fat, duk wanda ya wuce sai ya ce ai wannan lamba ɗaya ce. Saura kwanaki a fara cira sai ga ruwan bazata, ya fantsama mata jar ƙasa, ya bar ta da tabo ruwan goro. Ranar kasuwa suka labta wa jakuna, suka bi layi. Malamin auduga ya tsoma hannu ya ciro dunƙule ɗaya, ya ɗaga wa rana, ya ce lamba uku, ya wuce wurin na gaba. Kada ka zage shi, bai zalunce su ba. Kamfani fara yake so, shi kuma layi ne a gabansa har gindin tsamiya, abin da ido ya gani shi zai faɗa. Amma abin ya yi ciwo, don farashin lamba uku ba zai riƙe gida har wata kaka ba, ga kuma jama'a na kallo.

Na farko kunya ta rufe shi, da ma ya sha cika baki a dandali. Ya juya jakinsa, ya jibge audugar a wani tsohon rumbu, ya liƙe, ya ce kada wanda ya ƙara yi masa zancenta. Kafin bazara ɓera ya yi gida a ciki, gara ta cinye sauran. Malami dai lamba uku ya ba shi, shi ya mayar da ita babu da hannunsa.

Na biyun ma ransa ya ɓaci, sai da ya kwana biyu bai ci tuwon kirki ba. Daga baya ya kwance ƙunshin a gaban gyatumarsa, wadda ta tsufa da mazari a hannu. Ta ɗebo kaɗan, ta ja tsakanin yatsu, ta ga silin dogo ne ba ya tsinkewa, ta ce, "Kai dai ka cika raki. Ina ruwan mazari da lamba?" Matan gida suka zauna suka gurje, suka shiɓe, suka dukufa kaɗi. Aikin fa bai yi sauri ba. Masu lamba ɗaya tun ranar kasuwa suka karɓi nasu, wani ya ɗinka riga, wani ya sayi keke yana bi ta ƙofar gidan manomin nan yana kaɗa ƙararrawa, shi ko yana zaure yana naɗe zare. Da zaren ya taru ya kai marina. Marini ya tsoma cikin baba, ya fitar, ya sake tsomawa, har ya yi baƙi wuluk, tabon nan ko mai neman rigima ba zai nuna inda yake ba. Daga nan sai masaƙa. Ana gab da shuka ya fito da zannuwa kasuwa. Wani falke ya ɗauki ɗaya, ya ja ta nan ya ja ta can, ya murza, ya kara a rana ya ga ko haske ba ya ratsawa. Ya kwashe su duka, ya ce baɗi ma a ajiye masa. Har suka rabu bai tambayi lambar da aka ba audugar ba, manomin kuwa ya wuce 'yan hatsi ya auno abin da ya kai iyalinsa kaka.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, ɗana. Akwai ofisoshin da za su dubi takardarka sau ɗaya su ce na gaba, kuma za ka ga abokan karatunka sun riga ka shiga mota. Zai yi maka zafi. Ni ma da na ji labarin sai da ya sosa mini rai, don na san jinyar da ka sha a shekarar ƙarshe. Amma lantarkin da ka karanta yana nan a kanka, ni shaida ne, kai ka tayar da famfon burtsatsen unguwa bayan masu gyara biyu sun ce a kai wa 'yan gwangwan. Ka je bautar ƙasa, ka sami mai haɗa sola ko wani ƙaramin kamfani ka durƙusa ka koyi aiki, ko da riƙon tsani za ka fara. Ranar da fitila ta kama a gidan mutum, ba ya cewa a kawo masa takardar wanda ya haɗa. Hanyarka ta fi ta wasu tsawo, amma tana kaiwa. Tashi ka wanke ido ka fita nema, tuni Hausawa suka gama magana: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.