Yalon Baba Magagi

"Yalo ya ƙare, ɗana," in ji mai kayan miya ta ƙarshe a kasuwar Filinge. "Rijiyoyin garkar da ake noma shi duk sun ƙafe."

Ibrah ya sake tada moto, wato babur ɗinsa. Tun da ciwo ya kwantar da mahaifinsa Magagi, ko fura ba ya sha. Yau kuma ya buɗe baki ya ce yalon ƙasarsu Kurfai yake so. Ibrah ya tabbata kwaɗayin ƙarshe ne. Ga shi tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, ko na waje ba ya shigowa.

A Damana bai samu ba. Sai a Tabla wata tsohuwa ta tsinko masa guda biyu, sun yi ja sun yamutse.

Ya durƙusa gaban tabarmar mahaifinsa yana hawaye. "Baba, ka yi haƙuri, sun wuce ci."

Tsohon ya yunƙura ya zauna. Ya fasa ɗaya da farce, ya zazzage 'ya'yan a tafin hannunsa.

"Mi kake ma kuka? Wa ya ce maka ci zan yi? Iri ne. Tashi ka gyara mini shingen garka, baɗi da hannuna zan shuka shi."