Gwangwanin Fenti na Ranar Asabar

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ruwan wanke buroshi ya kifar mata a kan takalmi. Yana zaune a bakin tafkin lambun shaƙatawa, takarda a cinya, bai ko ba ta haƙuri ba. Wanda ya rako shi ne ya yi ta roƙon gafara. Shi kuwa ɗago kai kawai ya yi, ya ce, "Kin tare mini agwagwa."

Ta matsa. Daga nan ta zauna. Kafin ta tashi ya zana ta da koriyar fuska, ya ce hancinta wuyar zane gare shi. A hanyar gida ta yi ta dariya ita kaɗai, har direban bas ya riƙa leƙenta ta madubi.

Tun daga lokacin, kowace Asabar tana can. Wani makon ya yi mata hira, wani makon ya share ta kamar bai taɓa ganinta ba. Yau kuma ita ce ranar da ya ce zai ba ta amsa.

Tun farkon mako take haɗa masa kyauta. Ta samo gwangwanin alewa mai faɗi, ta wanke, ta manna murafan kwalba a ciki, ta matsa fentin ruwa a kowane murfi, ta ajiye a taga ya bushe. Ja, rawaya, shuɗi. Shuɗin ta ba shi murfi biyu, don ta san yadda yake cinye shi a kan tafki. Baƙi kuwa ba ta sa ba, in ya samu baƙi sai ya shafe takardar duka. Ta tsare mai kanti da tambaya ko fentin na da illa a baki, saboda mutumin nata na da halin lasar buroshi in tunani ya ɗauke shi.

Yanzu tana durƙushe a tsakar ɗaki tana datse kotar buroshi da wuƙar kicin don ta shiga gwangwanin, tana 'yar waƙa. Ta cika ƙaramar gora da ruwa, ta kifa ta, ta jijjiga, ko ɗigo bai fito ba. Ta tashi ta taka rawa har ƙofa ta dawo.

"Auta, kanki ɗaya kuwa?" in ji Yaya, tana ninke wanki. "Ke da ko layi ba ki iya ja a miƙe ba, yau kin zama mai sana'ar fenti."

"Yaya, ba ni abin maƙale shanyar nan, iska na ɗauke masa takarda."

"In ya ce a'a fa?"

Hannun Auta ya tsaya a kan murfin. "Shi ke nan, babu biki. Tun farko aka gaya mini, maganarsa ce ta ƙarshe."

Ta cusa tsumma da takardu masu kauri a jaka, ta canza mayafi, ta sake canzawa, ta fita da takalmi wari daban-daban. Yaya ta biyo ta da ɗayan tana ƙyalƙyala dariya.

Yana inda ya saba zama. Ta miƙa masa gwangwanin. Ya buɗe, ya duba launukan ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa buroshi, ya ja dogon layi shuɗi.

"Wadda ta riga ki ma ta kawo mini kyauta," ya ce, bai dube ta ba. "Daga baya ta daina zuwa."

Akwai maganar da Auta ta sha yi a zuci, a bas, a wajen wanke-wanke, amma ba ta taɓa furta ta ba. Ta durƙusa har idonsu ya zo daidai, ta goge masa fenti a haɓa, ta ɗaure masa igiyar takalmin da har yau bai koyi ɗaurewa ba.

"Na yi maka alkawari," ta ce da ƙarfi yadda mai rako shi, da ke tsaye a bayansu, zai ji, "in ka yarda na auri babanka, ba Asabar ɗin da zan daina zuwa."