Tayar Da Ba Ta Taɓa Taka Ƙasa Ba

Habu ma'aikacin gona ne a Zinder. A shekarar fari ta 2010 babu wanda ya kai shi yi wa manoma wa'azi cewa tsohon iri ba ya tsira. Duk buhun da ya shigo hannunsa sai ya juya shi ya duba shekarar da aka ɗura.

A ƙauyensu, can wajen Garagumsa, yunwa ta sa mutane sun daka har irin da suka ajiye. Mahaifiyarsa, Inna Delu, ta aiko masa cewa gona a share take, iri ne babu, ga hadari ya soma haɗuwa. Habu ya yi ta fafutuka har ya samu buhu guda na gero mai saurin nuna. Saura kaiwa.

Yana da wani ƙaton babur da ya saya hannun Bature mai yawon ƙasashe, irin wanda ke cinye hanya kamar ba a yi ta ba. Sai dai tayar gaba ta suɗe, ta yi sumul kamar tafin hannu. Ya kai wa bakanikensa Modu.

Modu ya ce, "Malam Habu, sabuwa mai girman nan babu a garin nan. Ba ni kwana huɗu, direba zai taho da ita daga Kano."

"Kwana huɗu? Ruwan shuka ba ya jiran direbanka."

Ya wuce kasuwa wurin Mai Nasara mai kayan babur. Mai Nasara ya kafa tsani ya hau kan shagonsa, ya sauko da wata taya da ke danne kwanon rufi don kada iska ta yaye shi. Ya kakkaɓe ta, ya goga mata tsumma.

"Ta Turai ce. Dubi zanenta, dubi gashin jikinta, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Ai tsohuwar Turai ta fi sabuwar ko'ina, kowa ya san wannan."

Wannan "kowa" ya daɗe yana ba mutane shawara, amma ba a taɓa ganinsa ya zo dubiya ba.

Habu ya dawo da ita yana murmushi. Modu ya danna mata farce, farcen bai shiga ba. Ya lanƙwasa gefenta, sai ga tsaga ƙanana kamar faso a dunduniya. Ya nuna masa lambobi huɗu a jikinta.

"Karanta, kai ne ɗan lakkwal mai karatun boko. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a 2001. Wannan ta girmi 'yarka Wasila."

"Ai ba a hau ta ba."

"Rana ta hau ta. Roba ce, Malam, tana tsufa ko tana zaune."

Habu ya yi dariya. "Ku bakanikai, abin da bai biyo ta hannunku ba ba ya taɓa yin kyau. Ɗaura mini."

Modu ya ɗaura, yana girgiza kai. "To, ka yi tafiyar jaki."

Da ya je gida ɗaukar buhun, ya ba matarsa Hajara labarin Modu don ta taya shi dariya. Ba ta yi ba.

"Baban Wasila, kai da ba ka yarda da buhun bara, yau ka yarda da tayar shekara tara? Ka ba motar kasuwa mana."

"Motar kasuwa sai jibi. Dubi gabas."

Ta duba. Gabas ta yi baƙi. Ta riƙe masa igiya ya ɗaure buhun.

Ya fita bayan azahar, kwalta kamar kaskon tuya. Da farko ya tuna da jakin Modu. Da ya ga hadari yana bin bayansa sai ya murɗa, ya ƙara gudu. Ya ɗan wuce Tirmini ke nan tayar gaba ta fashe. Babur ya kife da shi, ya ja shi a kan kwalta, ya danne masa ƙafar dama. Buhu ya yage, gero ya watsu tun daga tsakiyar hanya har gefenta.

Wasu mata masu tsinkar 'ya'yan anza, abincin yunwa, a bakin daji su suka janye shi, suka tare mota. Bayan motar ta tafi suka dawo suka share geron har da yashinsa, suka ƙulle a bakin zane. Babu wanda ya ga laifinsu. Da la'asar ruwa ya sauko, irin wanda aka shekara ana roƙo.

A gidan likita an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Inna Delu ta baro ƙauye ta zo jinya, kwanakin shuka suka wuce tana zaune bakin gadonsa tana yi masa fifita. Ba ta taɓa tambayarsa iri ba. Wannan ya fi masa ciwo a kan dungulmin.

Bayan wata biyu aka ɗauke shi a mota zuwa ƙauye. Da suka zo wurin da ya faɗi, ya ga gero tsaye a gefen kwalta, kore shar, ya fara fitar da kai. Ɗan abin da ya tsere wa tsintsiyar matan ne. Iri mai kyau ne, bai yi kuskuren zaɓensa ba. Da suka isa, gonar Inna ciyawa ce kawai a cikinta.

Jama'a, zane mai zurfi da sunan Turai ba su ne lafiyar taya ba. Ku duba shekararta kamar yadda kuke duba iri, ku saurari mai sana'a. Jiran kwana huɗu ya fi dogara sanda har ƙarshen rai.