Rijiyar Handirad Fasen

Tsaya, maigida, kafin ka sake bugun ƙirji. Sau uku ke nan yau kana ce min “handirad fasen”. Ni da boko a aji biyu na sakandare muka raba gari, ba don ta fi ƙarfina ba, bencin ne ya yi min zafi. Amma wannan magana na san ta ciki da bai, ko mai digiri ya zo sai in zaunar da shi. Turanci ce, ma'anarta ɗari bisa ɗari: babu shakka, babu tantama, babu ƙila. Tela na faɗinta, direba na faɗinta, ɗan kallon ƙwallo na faɗinta tun ba a hura usur ba. Abin da ya sha musu kai shi ne lokacin da ake faɗinta. Gyara zama in ba ka misali.

Wani lebura ya yi rani biyu yana ɗaukar bututu a wajen masu haƙa bohol. Injiniyansu mutum ne mai rowar magana. Duk yadda aka dame shi da tambaya, iyakarsa “bari mu gani”. Sai ran da laka ta fito a jiƙe, ya murza ta da yatsu, ya sansana, sannan ya ɗaga kai ya ce “handirad fasen”, mutane su ɗau shewa. Lebura ya ɗauki kalmar, ya bar lakar. Da ya koma ƙauyensu sai ya sayi diga da igiya da kwando, ya ce shi mai haƙa rijiya ne.

A ƙauyen akwai wani mai lambu da ya raini irin tumatir da tattasai a ɗan fangalinsa na bakin rafi. Irin ya yi kyau, ya isa dashe, wurin kuma ya yi masa kaɗan. Yana da babban fili a bayan gida, sai dai a tudu yake, ba ruwa. Ya kira mai haƙa ya duba masa. Tsofaffin garin in za su sa rijiya sai sun yi ta yawo suna neman inda ɓaure ya tsira ko inda suri ke da damshi. Shi ko gogan naka bai dubi komai ba. Ya taka uku, ya buga diddige a ƙasa.

“Nan ne, Baba. Gaba uku, kwana uku. Handirad fasen.”

“Wato me ke nan?”

“Wato ka je ka sayo guga.”

Matar mai lambu ta ce, “Malam, a ga ruwan tukuna mana.” Amma Turancin ya riga ya shige shi. Ran nan ya cire irin kaf, ya dasa a tudu, ya bar wa ƙanensa fangalin bakin rafi, ƙanen kuwa kafin la'asar ya cika shi da albasa. Mai lambu ya ce ai kwana uku ne, zai iya jido da jarka biyu a bayan keke.

Daga nan zama ya ƙare masa. Ya gangara rafi, ya hauro da jarkoki yana haki, ya tsiyaya wa kowane gindi ɗan abin da ba ya jiƙa tafin hannu, ya ruga bakin rami ya leƙa, ya cusa hannu cikin ƙasar da kwando ya fito da ita, ya ji ta kamar garin rogo, ya sake hawa keke. Kwana uku suka cika, gaba uku suka cika, ƙura ce ke tashi. “Gobe, Baba, handirad fasen,” in ji murya daga ƙasa. Rana ta biyar tayar keke ta fashe, ya koma ɗauka a ka. Rana ta shida tattasai ya sunkuyar da kai. Abinci ma a tsaye yake ci, ido ɗaya a rami, ɗaya a gona. Rana ta takwas tumatir ɗin layin gabas ya kwanta, ya bi shi yana ɗagawa da yatsa kamar mai tashin mara lafiya. Rana ta tara, da hantsi, diga ta daki dutse har wuta ta yi tartsatsi. Mai haƙa ya ajiye diga, sannan ya roƙi a miƙo masa ruwan sha. Mai lambu ya zuba ragowar jarka a sabon gugansa ya zura masa. Ruwan da rijiyar nan ta taɓa gani ke nan a duniya.

Ya juya ya dubi filinsa. Babu ko ganye ɗaya a miƙe, lokacin sake rainon iri kuma ya wuce. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Sai ya sunkuya ya janye igiyar a hankali, ya naɗe ta a kafaɗa.

“Baba! Baba, igiyar fa?”

“Yanzu zan dawo da ita, ɗana.”

“Yaushe, don girman Allah?”

“Yanzun nan. Handirad fasen.”

Ya tafi ya zauna a inuwa, zamansa na farko cikin kwana tara, sai da rana ta karkata ya dawo ya fito da mai haƙa. Amma tumatir bai tashi ba, kuma a wannan ranin albasar ƙanensa ce ta ciyar da gidansa.

To, maigida, kalmar ba ta da laifi. Wanda ya murza laka ya ji sanyinta a yatsa, ya faɗe ta da ƙarfi, ya isa. Wanda kuwa ya faɗe ta tun ƙasa na bushe, ya dai ci gaba da haƙa, zai iske abin da Hausawa suka daɗe da faɗi: ramin ƙarya ƙurarre ne.