Ƙugun Zulaiha

"Kar ki taka! Bari in ɗauke ki!" Malam Sabiru ya daka wa 'yarsa Zulaiha tsawa a ƙofar wani asibiti a Kazaure.

Wata biyu ke nan da aka sa mata ƙugun ƙarfe, bayan sikila ta cinye ƙashin. Likitan ƙashi ya ce in ba ta tafiya, ƙafar za ta sage. Tsoro ne kawai ya hana ta takawa, in ji shi, a kai ta wajen likitar da ke magance tsoro da hira.

Likitar ta ce Malam Sabiru ya jira a waje. Ya yi ta kai-komo yana addu'a. Da haƙuri ya ƙare, ya leƙa ta taga.

Ga Zulaiha tana zagaya ɗakin, ko sanda babu.

Ya faɗa ciki. "Za ta karye!"

"Baba, kullum ka tafi masallaci, ni ke ba awaki dusa," ta ce, kanta a ƙasa. "Da na ji sallamarka sai in koma gado, kar jininka ya hau."

Likitar ta jawo kujera. "Bismillah, Malam, zauna. Tun yaushe tsoron ya fara maka?"