Ƙasar da Baba Ya Tofar

Babanmu ba ya shuka sai ya ɗanɗana ƙasa. Wata la'asar, da ruwa ya janye daga fadamarmu ta hanyar Kirikasamma, ya ɗebi laka ya kai harshe, ya tofar da sauri. Ashe maganin ƙwarin da masunta suka zuba a tafki ne ambaliya ta kwaso mana. Lakar tana warin kananzir, ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka.

Na ce, "Baba, ƙasar ta mutu?"

Ya ce, "Suma ta yi, 'yata. Taki za mu yi ta ba ta."

Ƙasar ta farfaɗo, amma sai bayan an kai Baba makwancinsa. Har yau nakan ɗebi lakar, na kasa kai ta baki.