Fassara a Bayan Takardar Awo

Tela ya miƙa wa budurwarsa, malamar Faransanci, wayarsa ba tare da ya dube ta ba.

"Malama, mayar min da wannan Faransancin zuwa Turanci. Zaurancen 'yan intanet ne, waya ta kasa fassarawa. Kwastoma ce kawai."

Hotonsa ne da wata ta kwanto a kafaɗarsa, ƙawayenta na sharhi a ƙasa. Malama ta juya takardar awo, ta rubuta layi-layi, ba ta tsallake komai ba.

Ya karanta. Yarinyar hoton ta ce wa ƙawayenta ɗinkin kyauta take bi, shi kuwa tsohon bunsuru ne.

"Ƙarya kike! Kishi ne!"

Malama ta zare zoben da ya ba ta daga yatsarta, ta ajiye kan keken ɗinki.

"Da cutarka zan yi, maigida, da na rubuta tana son ka."